Allura Baƙuwa a Bakin Binuwai: Tarihin Ɗinkin Gicciye da Adon Kirsimeti a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Idan watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, hazo ya lulluɓe kogin Binuwai, teloli a Jimeta sukan yi sallama da barci saboda ɗinkin Kirsimeti. Wannan kowa ya san shi, domin ƙarar keken ɗinki ba ta ɓuya. Amma akwai wani ɗinkin da ake yi shiru a cikin wasu gidaje, da hannu, wanda yawanci mata da 'yan mata ne ke yin sa. Shi ne adon da ake yi wa rigar matashi ko shimfiɗar tebur ko ƙyallen bayan kujera, inda za a ga tauraro ko ƙararrawa ko kalmomin gaisuwar biki an fitar da su da jan zare da kore. Daga cikin ire-iren wannan ado akwai wanda a nan za a kira shi ɗinkin gicciye.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan ɗinki, ta ga inda ya fito, da hanyar da ya biyo ya iso ƙasar Adamawa, da kuma abin da ya tarar da ya iso. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, allurar ce baƙuwa a hannun matan wannan yanki, amma basirar tsara zane 'yar gida ce tun kaka da kakanni. Saboda haka bai kamata yarinyar da ke koyon ɗinkin a yau ta tsaya ga kwaikwayon zanen da aka tsara don wata ƙasa ba, kuma bai kamata a bar abin da iyayenta suka ɗinka ya salwanta ba tare da an adana shi ba.

2.0 Mene ne Ɗinkin Gicciye?

Ɗinkin gicciye ɗinki ne na ƙirga. Ana yin sa a kan yadin da saƙarsa take daidai wa daida, wato zaren tsaye da na kwance sun raba fuskar yadin gida-gida kamar takardar littafin lissafi. A kowane gida mai ɗinki takan ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, sa'an nan ta ja wani ya gitta na farko. Daga wannan gittawa sunan ya samo asali. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa sunan siffar ɗinkin yake bayyanawa, ba shi da alaƙa da aƙidar kowa, kamar yadda tarihinsa zai nuna nan gaba.

Ba a zana kome a jikin yadin. Zanen yana kan takarda mai gida-gida, kowane gida da alamar launin da za a sa masa, mai ɗinki kuwa sai ta riƙa ƙirgawa tana kwashe shi daga takarda zuwa yadi. Yadin da masu koyo suka fi amfani da shi a duniya shi ne wanda ake kira Aida, kuma ana bambanta shi da yawan gidajen da ke cikin inci ɗaya. Mai gida 11 ya fi sauƙin gani, mai gida 14 kuwa shi ya fi yaɗuwa. Da wannan ake gane girman aiki tun kafin a soma. Alal misali, zanen tauraro mai gida 70 a tsaye da 70 a kwance, idan aka ɗinka shi a kan yadi mai gida 14, zai ci inci 5 ta kowane gefe. Zaren kuwa yakan zo da sili shida a murɗe, sai a zare biyu a yi aiki da su. Allurar marar tsini ce, domin ta bi ta ramin da ke akwai ba tare da ta tsaga zaren yadin ba.

Ƙa'idojin da ake fara koya wa ɗaliba ba su da yawa. Na farko, ta ninka yadin huɗu domin ta gano tsakiyarsa, ta fara daga nan, don kada zane ya karkata ya ƙare a gefe guda. Na biyu, kada ta ƙulla zare. Sai dai ta bar ɗan wutsiya a baya, ɗinkin da ke biye ya danne shi. Na uku, zaren sama na kowane gida ya fuskanci gefe ɗaya tun daga farko har ƙarshe, in ba haka ba hasken aikin zai rarrabu. Na huɗu, ta ƙirga sau biyu kafin ta soka sau ɗaya, domin kuskuren gida guda yakan bi layi ya ɓata sauran. Akwai hanyoyi biyu na cika layi. A ta farko ana gama kowane gida kafin a wuce na gaba. A ta biyu ana jera rabin ɗinki har ƙarshen layi, sa'an nan a juyo ana gittawa. Littattafan ɗinki suna kiran ta farko hanyar Ingila, ta biyu kuma hanyar Danmak. Mai karatu ya riƙe sunan wannan ƙasa ta biyu, domin za a sake cin karo da ita a Numan.

3.0 Asalinsa da Yaɗuwarsa

Ɗinkin ƙirga ya daɗe a duniya, kuma ba ƙasa ɗaya ce ta mallake shi ba. Daga cikin tsofaffin ƙyallayen gwaji da aka adana, wato waɗanda mai ɗinki ke jera samfurin zane a kansu domin tunawa, akwai waɗanda aka samo a Masar, na ƙarni na 14 da na 15, zamanin daular Mamluk. Suna nan a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da kuma na Ashmolean a Oxford. Har wa yau matan Falasɗinu, Musulminsu da Kiristansu, sun shahara da ƙawata rigunansu da ɗinkin gicciye, abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a tasu cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a shekarar 2021. Matan birnin Fas na Maroko su ma suna da nasu salon na ƙirga.

A Turai kuwa, abin da ya yaɗa ɗinkin shi ne na'urar ɗab'i. A wajen shekarar 1523 wani mai buga littattafai a birnin Augsburg na Jamus, Johann Schönsperger, ya fitar da littafin samfurin zane, wasu kuma suka bi bayansa a Italiya da Faransa da Ingila. Ƙyallen gwaji mafi tsufa a Ingila mai ɗauke da shekararsa shi ne wanda wata mai suna Jane Bostocke ta ɗinka a 1598. Sannu a hankali ƙyallen gwaji ya tashi daga matsayin ma'ajiyar zane ya zama darasin makaranta. A ƙarni na 18 da na 19 yarinya takan ɗinka haruffa da lambobi da wata aya ko gargaɗi, sa'an nan ta rufe da sunanta da shekarunta da shekarar da ta gama. Ta haka ake koya mata karatu da ƙirga da haƙuri a lokaci guda, a kuma shirya ta domin aikin gida, nata ko na wasu.

Masana'antu su ma sun taka rawa. Kamfanin DMC, wanda tushensa ke komawa ga shekarar 1746 a garin Mulhouse, ya shahara da zaren auduga mai sheƙi wanda kowane launi ke da lambarsa, ta yadda mai ɗinki a ko'ina za ta nemi 321 ta sami ja, ta nemi 699 ta sami kore. A 1886 Thérèse de Dillmont ta wallafa babban kundinta na aikin allura, aka fassara shi cikin harsuna da dama. A Danmak kuma an kafa ƙungiyar raya aikin hannu a 1928, wadda wata mai zane, Gerda Bengtsson, ta ɗaukaka sunanta. Abin lura game da wannan baiwar Allah shi ne, furanni da ciyayin ƙasarta ta riƙa dubawa tana mayar da su zanen ƙirga, har aikin ya zama abin da ake gane Danmak da shi.

Zuwan ɗinkin Afirka ta Yamma yana da alaƙa da tarihin bauta. Daga 1808 jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen fataucin bayi suna sauke mutanen a Saliyo, ƙungiyar mishan ta CMS kuma ta buɗe wa yaran makarantu a ƙauyukan da ke kewaye da Freetown. A gidan tarihi na birnin Seattle a Amurka akwai wani ƙyalle da wata yarinya 'yar shekara 10, Charlotte Turner, ta ɗinka a ƙauyen Bathurst a 1831, inda ta bayyana kanta a matsayin 'yantacciyar 'yar Afirka. Sunan da ke jiki ba shi ne wanda iyayenta suka raɗa mata ba, kalmomin ma malamai ne ke zaɓa wa ɗalibai. Duk da haka, ba don wannan ƙyalle ba da babu mai tunawa an taɓa yin ta. Daga cikin irin waɗannan yara ne Samuel Ajayi Crowther ya fito, wanda a 1854 ya raka Dokta William Baikie suka hau Binuwai har ƙasar Muri.

4.0 Allurar da Ya Tarar a Gida

Kafin a yi maganar isowar baƙo, ya kamata a san mai masauki. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kuma lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci garin a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, tufafin Kano da na Nufe da na Borno sun riga sun zama kayan fatauci da na kyautar sarakuna a duk faɗin daular Sakkwato. Babbar riga mai aska biyu ko aska takwas, mai tambari da gidan biyar, wadda aka yi wa aiki da tsamiya ko alharini, ita ce tufar girma. Binciken da David Heathcote ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya kai shi ga digirin dokta a 1979, ya nuna zurfin wannan sana'a da yawan salon ɗinkinta da sunayen zane-zanenta.

Abubuwa biyu suka bambanta wannan ɗinki na gida da baƙon. Na ɗaya, ɗinkin bin zane ne. Mai zane yakan ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da siffar a jikin rigar, sa'an nan mai surfani ya bi layi da allura. Na biyu, a al'adance aikin maza ne, musamman malamai da almajirai, waɗanda ke neman abin masarufi da shi a zaure tsakanin karatu da karatu. Rabon mata a harkar tufafi shi ne gurzar auduga da shiɓa da kaɗi, wasu kuma da saƙar gwado. Mace ce ke samar da zare, namiji ne ke riƙe da allura.

Sai dai wannan ba ya nufin matan Adamawa ba su san tsara zane ba. Fagensu daban ne, wato ƙwarya da faifai da tabarma da tukunya. T. J. H. Chappel, wanda ya yi bincike a wannan lardi, ya wallafa littafi a 1977 a kan adon ƙwarya tsakanin Fulani da Bata da Yungur, Marla Berns da Barbara Rubin Hudson kuma suka biyo da nasu a 1986 a kan arewa maso gabashin Nijeriya. Abin da waɗannan ayyuka suka nuna shi ne, a yawancin al'ummun yankin mata ne ke wannan aiki, suna raba bayan ƙwarya kashi-kashi, suna maimaita siffa bisa tsari, kuma zane-zanen suna da sunaye. Ita ma mai ɗinkin faifai ƙirga take yi, domin idan ba ta san inda jan kaba zai tsaya baƙi ya karɓa ba, zanenta ba zai haɗu ba. Ke nan ƙirga da daidaito, waɗanda su ne ƙashin bayan ɗinkin gicciye, sun riga allurar zuwa hannun matan nan.

5.0 Shigowarsa Ƙasar Adamawa

Ta ƙofofi uku aikin allura irin na Turai ya shigo wannan yanki, wato kasuwa da mishan da makarantar gwamnati.

Ƙofar kasuwa kogi ne. Tun kafin sojojin Ingila su ci Yola ranar 2 ga Satumba 1901, wanda ya sa Lamiɗo Zubairu ya bar garin, kamfanin Royal Niger yana ciniki a bakin Binuwai. Jiragen ruwa sukan hauro da damina idan kogi ya cika, su kawo gishiri da yadi da ƙananan kayan kanti, su koma da amfanin ƙasa. Wannan ciniki, tare da zaman ma'aikatan gwamnati, shi ya raya Jimeta ta zama matattarar baƙi, yayin da Yola ta ci gaba da zama garin Lamiɗo da malamai.

Ƙofar mishan kuwa ba ta cikin Yola ta fara buɗewa ba, domin manufar Turawan mulki ita ce a nesanta 'yan mishan daga garuruwan sarakunan Musulmi. Saboda haka suka nufi ƙasashen da ke kewaye. A 1913 wani likita ɗan Danmak, Dokta Niels Bronnum, ya taso tare da matarsa Margaret da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose. Matar ta rasu a Rumasha bayan ta haihu, shi kuwa ya ci gaba da tafiya, ya sami izini daga Yola, ya sauka a Numan cikin Bachama ranar 5 ga Oktoba 1913. Daga wannan aiki ne Ikilisiyar LCCN ta tsiro, wadda ta sami bishop ɗinta na farko ɗan ƙasa, Akila Todi, a 1973, kuma makarantarta ta horar da fastoci da ke Mbamba kusa da Yola tana ɗauke da sunan Bronnum. A 1923 wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka kafa tasharsu a Garkida, wadda ita ce tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A wajen 1940 limaman Katolika 'yan ƙasar Ailan suka iso, Yola ta zama yankin aiki mai zaman kansa a 1950, ta zama cikakkiyar dayosis a 1962.

Duk da bambancin aƙidarsu, waɗannan ƙungiyoyi sun yi tarayya a kan abu ɗaya game da ilimin mata. Suna son su samar da matan aure da za su riƙe gida irin wanda suke ɗauka shi ne gidan Kirista, saboda haka tare da karatu suka koyar da tsabta da renon yara da ɗinki da saƙa. Matan da suka koyar sun fito ne daga ƙasashen da yarinya ke tashi da allura a hannu. Waɗanda suka koya kuma, matan malamai da na masu bishara da na ma'aikatan asibiti, su ne suka bi mazajensu zuwa Jimeta da sauran garuruwa, suka kuma zama ginshiƙan Zumuntar Mata, inda babba ke koya wa ƙarama. Harshen wannan zumunci Hausa ne, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wannan ne ya sa Babachama da Bakilba da Bamargiya da Bachamba za su ɗinka gaisuwar biki da harshe ɗaya.

Ƙofa ta uku ita ce ta gwamnati, kuma ta nan ne allurar ta shiga gidajen Musulmi. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato, kuma aikin allura yana cikin manyan darussansu. Daga baya darasin aikin hannu ya game makarantun firamare na Arewa, inda rashin yadi na musamman bai hana kome ba, domin tsohon buhun algarara da ulu, ko yadi mai gida-gida, sun wadatar. Sakamakon haka shi ne, rigar matashi mai ado da zanen gado da saƙar kwarashi suka shiga kayan ɗakin amarya ba tare da tambayar addininta ba. Allurar da ta kasance ta zaure ta shiga cikin gida. A Zariya ma, daga ƙarshen ƙarni na 20, mata suka shiga aikin babbar riga kanta.

6.0 Zanen Kirsimeti: Na Wa?

A nan ne gizo ke saƙa. Duk wadda ta buɗe littafin samfuri, ko ta duba intanet tana neman zanen Kirsimeti mai sauƙi na masu koyo, abin da za ta tarar kusan iri ɗaya ne: bishiya mai tsini, da dusar ƙanƙara, da mutum-mutumin ƙanƙara, da barewar ƙasashen sanyi tana jan keke marar ƙafa, da tsoho mai jar riga. Ana zaɓar su ga masu koyo saboda siffarsu ta dace da gida-gida, kuma launi biyu ko uku sun ishe su. Amma mai karatu ya sani cewa waɗannan alamomi ba su da tsufan da ake zato. A 1843 aka buga katin Kirsimeti na farko na sayarwa a Landan, bisa shawarar Henry Cole. Bishiyar kuwa al'adar Jamusawa ce, wadda ta game Ingila bayan wata jarida ta buga hoton Sarauniya Victoria da iyalinta kewaye da ita a 1848. Ashe ke nan adon damunar sanyin Turai ne na ƙarni na 19, wanda kasuwa ta ɗauka ta zagaya duniya da shi.

Idan aka koma ga labarin haihuwar kansa, kamar yadda Kiristoci ke karanta shi, za a ga abin da ke ciki shi ne matafiya da suka rasa masauki, da komin dabbobi, da makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garkensu, da tauraro. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo ga wanda ya tashi tsakanin Girei da Fufore da Numan. Musulmi ma, waɗanda ke girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, sun san ambaton dabino a labarin haihuwarsa cikin Suratu Maryam. Disambar Adamawa kuma tana da nata kamanni: dawa ta shiga rumbu, kogi ya janye ya bar yashi, masunta suna cikin kwalekwale, balbela tana bin shanu, kuka ta zubar da ganye, giginya tana tsaye cikin hazo. Kowanne daga cikin waɗannan zai zauna a kan takarda mai gida-gida. Rumbu bai fi ƙararrawa wuyar ƙirga ba, giginya ma ba ta fi bishiyar Turai ba. Bakin ƙyallen kuwa, maimakon ganyen da ba ya tsirowa a nan, ana iya kewaye shi da zanen da aka ɗauko daga bayan ƙwarya.

Wani zai ce, ai biki na duniya ne, kuma yaro yana murna da tsoho mai jar riga, to mene ne laifi? Babu laifi, kuma babu mai hana kowa abin da ya ga dama. Hasali ma kwaikwayo shi ne matakin farko na kowace koyo, har a rubutu. Abin tsoro shi ne a tsufa a matakin farko. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ikilisiyoyin wannan yanki sun riga sun nuna hanya a fagen waƙa, domin Zumuntar Mata ba su tsaya ga waƙoƙin da aka fassaro ba, sun tsara nasu, sun shigo da tulu da caki cikin majami'a. Abin da murya ta yi, allura ma za ta iya. Darasin da ya fi dacewa a ɗauka daga Danmak shi ne na Gerda Bengtsson, wadda ta dubi abin da ke tsirowa a ƙofar gidanta.

7.0 Ƙyalle a Matsayin Shaidar Tarihi

Tarihin zuwan mishan da boko a Adamawa, kamar yadda yake a rubuce, yawancinsa daga rahotannin Turawa da takardun gwamnati aka gina shi. Margaret Nissen ta rubuta tarihin ikilisiyar Numan a 1968, Niels Kastfelt kuma ya rubuta a kan addini da siyasar yankin a 1994. Ayyuka ne masu amfani, amma bisa yanayin takardun da ake da su, muryar maza ce ta fi fitowa. Matan da suka fara shiga aji ba su bar wasiƙu da yawa ba. Abin da suka bari yana cikin akwati, ƙarƙashin zannuwa. Ƙyalle ɗaya yana iya gaya wa mai nazari irin zaren da ke kasuwa a lokacin, da harshen da aka zaɓa, da salon rubutun da aka koyar, da zanen da aka aro da wanda aka ƙago, wani lokaci har da suna da shekara.

Irin wannan shaida ba ta da ƙarko. Gara da asu da wanki suna cin ta, magada kuma sukan ɗauke ta tsumma. Daɗin daɗawa, ga abin da ya auku a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye Madagali da Michika, suka kama Mubi a ƙarshen watan Oktoba, suka kuma afka wa hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi. Dubban mutane, Musulmi da Kirista, suka kwararo Yola da Jimeta da abin da ke jikinsu kawai, majami'ar Saint Theresa ta Jimeta ta zama ɗaya daga cikin mafakarsu, har daga baya, a 2021, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu gidaje a Sangere-Marghi, tare da coci da masallaci. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar rigar matashi. An ƙirga rayuka da gidajen da aka rasa, kuma su ne a gaba, amma akwatunan iyaye mata da suka ƙone sun tafi da wani babi na tarihi.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa. Kamar yadda ake tura su tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin daka, haka ya kamata a tura su gidajen dattawan mata su ga abin da ya rage, su ɗauki hoto da izinin masu shi, su rubuta sunan da ake kiran kowane ɗinki da kowane zane, da wadda ta koyar, da inda aka koya. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yola da na Fombina da ke fadar Lamiɗo wurare ne da suka dace a ajiye samfuri, kusa da babbar riga da ƙwarya, domin a ga dangantakarsu.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗinkin gicciye ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso bakin Binuwai, daga Masar zuwa Jamus da Ingila da Danmak, daga Saliyo zuwa Numan da Garkida da Jimeta. Ya zo a matsayin darasin ladabtarwa, ya tarar da allura a hannun maza, zane kuma a hannun mata, sai ya haɗa wa mata biyun. Abin da ya rage shi ne zanen ya zama na gida kamar yadda hannun ya zama.

Ga wadda za ta fara a bana, shawarar ba ta da tsawo. Ta sami takardar lissafi ta zana abin da idonta ya saba gani, ta ninka yadinta huɗu ta fara daga tsakiya, ta tuna cewa sannu ba ta hana zuwa. Idan ta gama, kafin ta yanke zare, ta ɗinka sunanta da garinsu da shekara a ƙasan aikin.